Kama da Wane Ba Wane Ba Ne: Bugun Farko, Sabon Bugu da Jabu a Sha'anin Faifan Garmaho

Kwanakin baya wani ɗan ƙungiyarmu ta raya al'adu ya zo wurin taro da wata tsohuwar adaka da ya gada daga mahaifinsa, wanda ya yi fatauci tsakanin Maraɗi da Kano da Legas a shekarun 1970. A cikinta akwai faya-fayan garmaho wajen arba'in: na Alhaji Mamman Shata, na Ɗan Maraya Jos, na makaɗan Kwango da na Kwatano, da ƴan kaɗan na Turawa. Wani dillali ya riga ya taya su a dunƙule, kuma gaggawar da ya nuna ce ta sa mai adakar ya ja da baya. Tambaya ɗaya ya yi mana: "Malamai, waɗannan na asali ne?" Muka yi ta juya faya-fayan muna duban juna, mu kusan goma, babu wanda ya iya ba shi amsa mai gamsarwa.

Tambayar ta zo a kan kari, domin faifan da muka ɗauka ya mutu tun zuwan kaset ya farfaɗo a ƙasashen Turai da Amurka. A shekarar 2022 yawan faya-fayan garmaho da aka sayar a Amurka ya zarce na faifan CD, abin da rabon a gani tun 1987. Masu tara tsofaffin faya-fayai sun daɗe da juyo da hankalinsu ga kaɗe-kaɗen Afirka ta Yamma, kuma duk inda kuɗi ya taru, mai jabu ba ya nisa. Ra'ayina a wannan maƙala shi ne kalmar "asali" ta haɗe tambayoyi biyu da ya kamata a raba. Ta farko: yaushe aka buga wannan faifai, kuma a ina? Ta biyu: da izinin wa aka buga shi, kuma ya faɗi gaskiya a kan kansa? Kasuwa ta fi damuwa da ta farko, alhali mu malamai da ƙungiyoyi ta biyun ce ta fi shafarmu.

Kashi biyar da ake cakuɗawa

Akwai bugun farko, wato faya-fayan da suka fito daga masana'anta lokacin da aka fara sakin waƙar. Akwai maimaicin bugu: kaya sun ƙare a kasuwa, kamfanin ya ƙara bugawa bayan watanni ko shekaru, sau da yawa da ɗan canji a takardar tsakiya ko a kwali. Akwai sabon bugu mai izini, wanda Faransawa ke kira réédition, inda wani kamfani ya nemi yardar mawaƙi ko magadansa ko mai haƙƙin mallaka, ya sake fitar da aikin da sunansa da shekararsa. Wani reshe na wannan shi ne kwaikwayo bayyananne, wanda ake yi wa kwali da tambari irin na da domin sha'awa, amma a rubuta a wani gefe cewa sabon aiki ne. Sai bugun sata, wanda aka yi ba da izini ba, ko da yake bai yi da'awar tsufa ba. Na biyar shi ne jabu, contrefaçon, wanda aka ƙera musamman domin mai saye ya zaci bugun farko ne ya samu.

Idan aka auna su da ma'aunin wanda aka cuta, bambancin yana fitowa sarai. Ukun farko ba su cuci kowa ba. Bugun sata ya cuci mawaƙi. Jabu kuwa ya cuci mawaƙi, ya cuci mai saye, sannan ya gurɓata tarihi, tunda ya saka shaidar zur a cikin kayan da na baya za su dogara da su.

Abin da ido da hannu da kunne ke iya ganowa

Ba a iya gane jabu sai an san yadda ake yin na gaskiya. Ana fara ɗaukar waƙa a kan zaren maganaɗisu, wanda shi ne uwar aiki. Daga wannan zare injiniya yake yanka tsagi a kan wani faifai mai laushi, da allurar da sauti ke girgizawa. Sai a lulluɓe faifan mai laushi da ƙarfe, a bi matakai har a sami hatimi, a ɗora shi a injin da ke matse curin roba mai zafi tsakanin hatimi biyu, na fuska da na baya. Tsakanin ƙarshen waƙar ƙarshe da takardar tsakiya akwai ɗan fili sumul wanda babu sauti a cikinsa. A nan ake rubuta lambar yanka, wani lokaci da hannu, wani lokaci da hatimin inji, kuma wasu injiniyoyi sukan ƙara haruffan sunansu. Tunda rubutun a jikin hatimi yake, duk faifan da ya fito daga wannan hatimi yana ɗauke da shi. Sai an karkata faifan ga haske ake ganinsa, kuma shi ne wurin da ya kamata a fara dubawa.

Mai jabu ba shi da zaren asali, ba shi da hatimin asali. Dole ya kwafi sautin daga wani tsohon faifai ko daga CD, ya yi sabon yanka. Saboda haka lambarsa ko dai ta bambanta, ko kuma a tarar an kwaikwayi da hannu abin da a na gaskiya inji ne ya buga. Masu tara faya-fayan jaz na kamfanin Blue Note sun mai da wannan karatu wani fanni na ilimi. Suna neman haruffan RVG, na injiniya Rudy Van Gelder. Suna neman wata ƴar alama mai kama da kunne, ta masana'antar Plastylite, wadda ta ɓace daga faya-fayan kamfanin a 1966 bayan ya koma hannun Liberty. Suna kuma karanta adireshin da ke kan takardar tsakiya, domin ya sauya yayin da kamfanin ke sauya mazauni. Alama guda ba ta isa hujja ba, sai sun taru sun gaskata juna.

Kwali ma yana magana. Mai jabu hoton tsohon kwali yake ɗauka ya sake bugawa, don haka ƙananan haruffa sukan yi dishi-dishi, launi ya yi duhu ko ya kwashe, fuskokin mutane su rasa kaifi. Wani lokaci har zoben gogewa da faifai ya bari a tsohon kwalin yakan fito a hoton: ido ya ga tsufa, yatsa ya shafa ya ji sumul. Misalin da ya fi shahara shi ne faifan Introducing... The Beatles, wanda kamfanin Vee-Jay ya fitar a Amurka a farkon 1964, aka daina buga shi a wannan shekarar bayan shari'a da kamfanin Capitol, daga baya kuma aka yi ta yin jabunsa shekara da shekaru. A na gaskiya, sunan faifan da sunan ƙungiyar duk suna saman ramin tsakiya. A yawancin na jabu ramin ya raba su, ɗaya sama ɗaya ƙasa. A kwalin jabu da yawa kuma inuwar George Harrison ta ɓace, domin hoton hoto ne.

Akwai kuma alamomin zamani waɗanda ba sa buƙatar ƙwarewa. Zanen layukan nan na farashi da inji ke karantawa bai fara bayyana a kwalayen faifai ba sai ƙarshen shekarun 1970, bai kuma zama ruwan dare ba sai shekarun 1980. Faifan da aka ce na 1972 ne alhali yana ɗauke da shi, sabon bugu ne. Haka wanda ke ɗauke da adireshin intanet. Shekarar da ke biye da harafin P cikin da'ira tana yawan ruɗin mutane: tana nuna lokacin da aka fara fitar da sautin ne, ba lokacin da aka matse faifan da ke hannunka ba. Nauyi ma ba shaidar tsufa ba ne, domin faifai mai kauri na giram 180 yayin sababbin bugu ne, kuma da yawa daga na shekarun 1970 sirara ne. A faya-fayan Nijeriya lambar kamfani tana taimakawa: NEMI na EMI ne, DWAPS kuwa na Afrodisia ne, reshen Decca. A ƙarshe sai kunne: idan faifai yana sheƙi babu ƙwarzane ko ɗaya amma ana jin ƙaf-ƙaf na tsufa a cikinsa, to an kwafo shi ne daga wani tsohon faifai tare da raunukansa.

Inda tsanin kasuwa ya karye

Wannan ilimi yana da amfani, kuma ina ganin kowace ƙungiya mai ajiyar kayan tarihi ta kamata ta sami mutum guda da ya iya shi. Abin da nake suka shi ne tsanin darajar da masu tarawa suka gina a kansa, inda bugun farko yake can ƙoli, duk sauran kuma ake yi musu kallon bayi, har a jera sabon bugu mai izini kusa da jabu kamar ƴan gida ɗaya. An ce da tsohuwar zuma ake magani, to amma idan aka ɗora wannan tsani a kan kaɗe-kaɗen ƙasarmu sai ya karye.

A ɗauki Mamman Sani Abdullahi, wanda ƴan Nijar da yawa suka san kiɗan oganarsa a tsakanin shirye-shiryen rediyo da talabijin tun ba su san sunansa ba. Ya ɗauki kundinsa na farko a gidan rediyon ƙasa a 1978, kuma a kaset ya fito, kwafi kaɗan. Sai a 2013 kamfanin Sahel Sounds na Christopher Kirkley ya fitar da shi a faifan garmaho da sunan La Musique Électronique du Niger. Ke nan faifan 2013 sabon bugu ne ta fuskar waƙa, kuma bugun farko ne ta fuskar garmaho. Duk wanda ya miƙo maka faifan garmaho na wannan kundi ya ce na 1978 ne, ka san abin da yake sayarwa. Haka kundin Anar na Mdou Moctar, wanda aka ɗauka a Sakkwato a 2008: ya yaɗu ne daga wayar salula zuwa wayar salula, ɗaya daga cikin waƙoƙinsa ta shiga tarin Music from Saharan Cellphones a 2011, sannan kundin ya hau faifan garmaho a 2014. Ina asalin yake a nan? A cikin katin waya da ya riga ya ɓace a wata kasuwa?

Ko a zamanin garmaho kansa, faya-fayan da suka ɗauki muryoyin ƙasar nan a waje aka matse su. Abin da Tolia Nikiprowetzky ya ɗauka na makaɗan Nijar da na makiyayanta a shekarun 1960 a Faransa kamfanin Ocora ya buga shi, kiɗan Hausa da David Ames ya ɗauka a arewacin Nijeriya kuwa a Jamus ya fito, cikin jerin UNESCO. Ga mutumin da kakansa ne ya yi waƙar, bugun farkon nan ma baƙo ne. Asalin yana bakin mawaƙi da kuma zaren da aka ɗauka ranar. Duk abin da ya biyo baya kwafi ne, sai dai wani kwafin ya fi wani amana.

Sannan akwai maganar kuɗi. Idan tsohon faifai ya tashi daga adaka a Damagaram ya bi hannun dillalai har ya kai kantin Paris ko Landan, farashinsa yana ninkuwa a kowane zango, amma ko dala ba ta komawa ga mawaƙi ko iyalinsa. Sabon bugu mai izini ne kaɗai hanyar da wani abu ke iya komawa gida. William Onyeabor na Inugu ya buga faya-fayansa da kansa a ƙarƙashin sunan Wilfilms tsakanin 1977 da 1985, daga baya ya juya wa kiɗa baya. Kamfanin Luaka Bop ya shafe shekaru yana neman yardarsa kafin ya fitar da tarin waƙoƙinsa a 2013, shekara uku da ƴan watanni kafin rasuwarsa a 2017. Mai tarawa zai ce tsohon bugun Inugu ya fi daraja, kuma ta fuskar tarihi da gaskiyarsa. Amma tarin 2013 ne ya kai waƙoƙin ga kunnuwan duniya da sa hannun mai su. Irin wannan aiki ne kamfanoni kamar Analog Africa da Soundway suka yi suna a kansa, musamman game da makaɗan Benin da Gana da Nijeriya.

Sabon bugu ma ba ya fi ƙarfin suka

Kada a fahimce ni da cewa duk abin da ke ɗauke da izini ya tsarkaka. A 2022 ta bayyana cewa kamfanin Mobile Fidelity na Amurka, wanda masu saye suka ɗauka daga zaren asali kai tsaye yake yanka faya-fayansa masu tsada, ya daɗe yana ratsawa ta kwafin kwamfuta ba tare da ya bayyana ba. Izininsa cikakke ne, sautinsa kuma mutane da yawa sun yaba, har ƙwararrun masu saurare ba su gane ba sai da aka faɗa. Duk da haka magana ta kai kotu, ta ƙare da sulhu da biyan diyya. Darasi biyu ke nan: kunne shi kaɗai ba alƙali ba ne, kuma abin da mai saye ke biya har da gaskiyar bayanin da aka rubuta masa.

Game da kaɗe-kaɗenmu, tambayoyin da zan yi wa kowane sabon bugu su ne waɗannan. Ya faɗi inda ya samo sautin, daga zare ne, ko kaset, ko tsohon faifai? Ya ambaci ƴan amshi da makaɗa, ko shugaban kawai? Ya rubuta sunayen waƙoƙin Hausa daidai, da ƙ da ɗ da ɓ, ko ya bi kunnen baƙo? Ya yanke doguwar waƙa domin ta shiga fuskar faifai, wadda ba ta cika wuce minti ashirin da ƴan kai ba, kuma idan ya yanke ya faɗa? Ya nuna wanda ya ba da izini? Sannan wane ne ya zaɓi waƙoƙin? Mai zaɓe daga waje yakan fifita abin da zai motsa masu rawa a ƙasarsa, wato jita da ogana da kiɗa mai zafi, ya tsallake waƙar da nauyinta a cikin kalmomi yake. Idan ba mu lura ba, jikokinmu za su san tarihin kiɗanmu ta zaɓin wani, tunda abin da aka sake bugawa shi ke rayuwa.

Wani zai ce: ai mu da kwafi muka girma. Gaskiya ne. Mai rumfar kaset a kasuwa, wanda ke ɗaukar maka Shata ko Ɗan Alalo a kan kaset ɗin da ka kawo, shi ya kai waƙa ƙauyukan da kamfani bai taɓa sanin sunansu ba, kuma wasu waƙoƙin ta hannunsa kawai suka tsira. Ya tauye haƙƙin mawaƙi, wannan ba abin musu ba ne, kuma saboda irin haka aka kafa hukumar kare haƙƙin mawallafa ta BNDA. Sai dai bai taɓa ce maka kaset ɗin daga kamfani ya fito ba. Kai ka sani, shi ya sani. Mai jabu ya ƙara a kan laifin satar wani laifi dabam, shi ne ƙarya.

Al'adarmu ta rubutu ta riga ta warware wannan matsala. Duk wanda ya taɓa duba littattafan Larabci da na ajami da ke ajiye a cibiyar IRSH ta Yamai, ko a zauren wani malami, ya san cewa akasarinsu kwafi ne na kwafi, kuma babu wanda ya raina su don haka. Magabata sukan rufe littafi da ambaton mawallafi, sannan mai kwafi ya faɗi sunansa, wani lokaci da wanda ya rubuta wa da ranar gamawa, ya roƙi gafara a kan kuskure. Wannan ƴar shaida ta ƙarshe ita ke ba kwafin mutunci, ita kuma ke ba mai bincike damar bin salsala. Sabon bugu na gari irin wannan mai kwafi ne. Mai jabu kuwa shi ne wanda ya goge sunansa, ya shafa wa takarda hayaƙi, ya ce da hannun mawallafi aka rubuta.

Abin da muka yi da adakar

Mun koma kan faya-fayan abokinmu da fitila da gilashin ƙara girma. Mun karanta lambobin fili, mun gwada su da na takardar tsakiya da na kwali, muka kuma duba abin da rumbun bayanai na Discogs ya tattara a kan waɗanda ya sani. Amma hujjar da ta fi ƙarfi tana wurin da ba mu zata ba. Marigayin ya rubuta sunansa da biro a kan kusan kowane kwali, a wasu har da garin da ya saya da shekara, kuma da yawa suna ɗauke da hatimin kantunan da suka sayar. A kasuwar masu tarawa wannan rubutu aibi ne mai rage farashi. A wurin mai nazarin tarihi kuwa shi ne ya nuna wace waƙa ta shigo Maraɗi, a wace shekara, ta wace hanya, kuma wane irin mutum ne ya ga ta cancanci kuɗinsa. Da dillalin ya kwashe su, da faya-fayan sun watse ɗaya-ɗaya, wannan labari kuma ya tafi har abada.

Shawarar da muka ba shi ita ce nake ba kowace ƙungiya da kowane ɗakin karatu na makaranta. Kafin a yi maganar sayarwa, a yi wa kowane faifai takardar shaida: sunan mawaƙi da na waƙoƙi, kamfani da lambarsa, abin da aka rubuta a fili, ƙasar da aka buga, hoton kwali gaba da baya, da sunan wanda ya mallake shi da yadda ya same shi. A ɗauki sautin a ajiye kwafi. A jera faya-fayan a tsaye, nesa da rana da zafin kwano, domin roba tana lanƙwashewa. A rubuta a fili ko bugun farko ne, ko maimaici, ko sabon bugu, ko na sata, ko jabu, inda kuma ba a tabbatar ba a rubuta haka. Ko jabun kada a jefar, a yi masa alama a ajiye, yana da amfani wajen koyar da ɗalibai yadda ake tantance shaida. Kamfanonin waje masu sake buga kiɗanmu kuwa, ya kamata ƙungiyoyinmu su riƙa rubuta musu suna neman su ajiye kwafi a Yamai da kuma garin mawaƙin.

Abokinmu bai yanke shawarar sayarwa ko riƙewa ba tukuna, kuma wannan haƙƙinsa ne da na ƴan uwansa magada. Amma yanzu ya san abin da ke cikin adakar, ɗaya bayan ɗaya, kuma rajistar tana hannun ƙungiya. Allah ya jiƙan mai biro, ya ba mu ikon riƙe amanar abin da ya bari.